Akwatuna Biyar a Ramin Taki

Makon jiya wasu samari uku suka zo garkata, wato lambuna, da wata takarda mai hotuna. Wai an yi musu taron kwana uku a kan yin taki, sun zo su ga ko ramukana sun yi daidai da abin da aka zana a takardar. Ɗaya daga cikinsu, mai farin takalmi, ya leƙa rami guda ya ce da ƴan'uwansa, "Ashe dai shara ce ake tarawa a zauna jira." Ban yi masa musu ba. Na miƙa masa felu, wato shebur in ji mutanen Najeriya, na ce ya juye mini rabin ramin tunda abin ba wuya. Ko minti goma bai yi ba ya tuna ana jiransa a tasha. Saboda shi da ire-irensa na ce bari in ba da labarin sana'ar nan yadda na koye ta, har da wurin da ban fito da kyau ba.

Sunana Habu, mutumin wajen Buza ne ni, cikin Adar. Na zo Arlit lokacin da ake ce mana a ƙauye wai a can ko faɗuwa ka yi da kuɗi za ka tashi. Na yi leburanci wajen wani ɗan kwangila mai gina gidajen ma'aikatan ma'adini, ina dama siminti ina jin kaina wani abu. Da kasuwar uraniyom ta faɗi aka daina gini, aka sallame mu kamar ba a taɓa saninmu ba. Komawa gida kuwa ba ta taso ba, don fari ya riga ni isa can, mutanen garinmu ma nan suke tahowa suna tambayar inda nake kwana.

Wata safiya ina yawon neman aiki na bi ta garake, can bakin gari inda ruwan wanka da na wanke-wanke daga gidajen kamfani ke gangarowa. Na tarar da wani dattijo da rawani har bisa hanci, tsaye cikin rami yana watso wani baƙin abu da felu. Shi ne Baba Agali, mutumin duwatsun Ayar, a garka aka haife shi, a garka ya tashi. Ƙasar Arlit kuwa kun san ta, rairayi ne da tsakuwa, in ba ka ba ta taki ba ko ciyawa ba za ta yi maka ba. Da can kashin dabbobi ake saye wajen makiyaya. Da fari ya kashe dabbobin, kashin ya zama abin nema, har na ga manyan mutane biyu suna cacar baki a kan na jaki. Shi Baba Agali sai ya lura da abu biyu da garin ke zubarwa kullum, garin katako a bayan shagunan kafintoci da ragowar abinci a bayan gidajen tuwo. Ya ce in aka ɗaura musu aure za su haifi ƙasa.

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Hancinka yana aiki?"

Na ce ƙwarai kuwa.

Ya ce, "To, zai sha wahala. Zo gobe."

Na zo, na shekara bakwai a hannunsa.

Aikin farko da ya ba ni shi ne tura buruwet, baron nan mai ƙafa ɗaya, in bi gidajen abinci da hantsi. Babbar mai ba mu ita ce Tanti Rakiya, wata ƴar Damagaram mai sayar da shinkafa da miya kusa da inda motocin ma'aikata ke tsayawa. Ɓawon albasa, ɓawon dankali, ganyen salatin da ya yi yaushi, ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon ƙwai, da ganyen shayin da aka gama tafasawa sau uku, wanda a garin nan ko shi kaɗai ya isa ya cika rami. Kada ku zaci ni kaɗai ne mai so. Awakin Arlit sun fi sanin ƙarar buruwet ɗina da muryar masu su. Akwai wata jar akuya mai ƙaho ɗaya da ta bi ni shekara biyu cur. In na tsaya gaisawa da mutum, kafin mu kai ina gajiya ta rage mini kaya. Tanti Rakiya takan ce, "Habu, wai tsakaninka da akuyar nan wa ke yi wa wani aiki?"

Katako kuwa wajen Sani kafinta nake ɗaukowa, bayan kasuwa. Ku da kuke ce wa duka garin katako, ku sani iri-iri ne. Akwai garin zarto mai laushi kamar dusa, shi ya fi saurin ruɓewa, amma in ka jibga shi wuri ɗaya sai ya dunƙule ruwa ya kasa ratsa shi. Akwai mai nannaɗewa da ke fita in ana goge katako, shi ne ke ba rami iska. Akwai sassaƙe, wanda ake shimfiɗawa can ƙasa. Wanda aka shafa wa fenti kuwa, ko wanda man inji ya jiƙa, ko na falankin nan da ake mannewa da gam, Baba Agali ba ya yarda ya kusanci raminsa. Yakan ɗebi garin ya shinshina ta cikin rawani, in ya ji warin mai sai ya sa in mayar da buhun inda na ɗauko shi, a kaina, da rana tsaka. Dokarsa ta biyu ita ce duk itacen da ya fi ɗan yatsa kauri sai an faskara shi an daddatsa kafin ya shiga.

Cika rami na farko da na yi da hannuna sai da ya sa na kwashe shi sau biyu. Rami muke yi a nan, ba tsibi ba, don in ka tara a sarari iska da rana za su mayar maka da shi busasshen kilishi cikin kwana biyu. Zurfinsa ya kai ƙugu, faɗinsa kamar tabarma. Sassaƙe a ƙasa, sai abinci kaurin yatsa huɗu, sai katako ninkinsa biyu, a barbaɗa toka da ɗan tsohon taki, a yayyafa ruwa, a sake daga farko har ya cika. Ruwan ma da ƙa'idarsa. Ka ɗebi kayan ka matse a hannu, in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito ta tsakanin yatsu ya yi, in ya zubo ka cika ruwa, in ya watse da ka buɗe hannu ƙishirwa yake ji. Sai a rufe da tsofaffin buhuna, a soke rodin gini a tsakiya a bar shi. Bayan kwana uku ka zaro rodin ka kama. In ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi da daɗewa, rami ya kama aiki. In ka ji shi da sanyi, abinci ya yi kaɗan. In wari ya tashi ƙudaje suka yi taro, abinci ya yi yawa, a ƙara katako. Haka za ka yi ta lallaɓa shi wata uku ko huɗu, har ya koma baƙi mai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko.

Masu saye yawanci masu garka ne, sai matan manyan ma'aikata masu shuka fure a gwangwani. Su matan ba su da matsala, in dai ba ka shigar musu da buruwet har ƙofar ɗaki ba. Masu garka ne ke da wayo. Wani maƙwabcinmu, Malam Idi, ya zauna ya yi lissafinsa, ya ga ba dalilin da zai sa ya biya mu alhali garin katako kyauta ne a bayan shagon Sani. Ya kwaso buhu goma ya zuba ɗanye a kan salatinsa. Cikin mako biyu salatin ya koma rawaya, ya tsaya cik. Ɗanyen katako sai ya ci kafin ya ciyar, abincin da shuka za ta ci shi yake janyewa don ya samu ya ruɓe. Malam Idi ya yi wata guda yana cewa sammu aka yi masa, sannan ya zo da jakinsa ya sayi buhu shida, bai dubi idon kowa ba.

Amma uwar aikin ita ce juyi. Duk kwana goma sai ka shiga rami da felu ka kwashe shi kaf zuwa ramin da ke kusa, na sama ya koma ƙasa, na gefe ya koma tsakiya, kana yi kana yayyafa ruwa. Ƙasa tururi, sama rana, kai kana tsakani. Ramuka shida gare mu, kafin in gama na shida na farko ya sake kira. In faɗi gaskiya ban taɓa son juyi ba, ban taɓa son faskare ba, kuma duk dabarar da za ta rage mini aiki ina yi mata maraba hannu biyu. Wannan halin nawa ne ya ja mana abin da zan faɗa.

Shekarar da tawaye ya yi zafi, hanyar Agadas ta zama sai da rakiyar soja. Motoci su taru su yi kwanaki suna jira, kayan miya na kudu su iso a ruɓe, gari duka ya juyo kan garake. Kowa na son taki, mu kuma ba abin yin sa. Katako ya daina zuwa, ba mai sa a yi masa gado ko ƙofa, zarton Sani ya yi shiru. Ɓawon dankalin Tanti Rakiya ya koma sirit har kana iya hango rana ta cikinsa. Ban da wannan kuma ga tsoro. Duk mai rawani irin na Baba Agali a ɗarare yake, don irinsu ake zargi da haɗa baki da masu tawaye, ana ɗaukar mutane a tafi da su tambaya, wasu a daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba. Shi ba abin da ya haɗa shi da kowa sai ruɓaɓɓen tumatir, amma ya daina zuwa kasuwa, daga gida sai garka.

Ran nan na je wajen Sani ya ce garin zarto kam babu, amma ga wasu akwatuna shida in muna so. Na kayan inji ne da aka yi gwanjonsu, ya saya don ya yi benci sai ya tarar katakon ya tsattsage. Dogaye ne, tsawon mutum a kwance, da igiyar riƙo a kowane gefe da rubutun Nasara a jiki. Na kwaso su ɗaya-ɗaya. Baba Agali ya shinshina, ya kankare da wuƙa, ya ce ba fenti ba mai, in faskara su ƙanana in jiƙa kwana biyu. Washegari bayansa ya riƙe, ya kwanta a gida kusan mako uku, garka ta zama a hannuna.

Na faskara guda ɗaya. Tun safe har la'asar ina abu ɗaya, katakon busasshe ne gatari na ta tsalle a kansa, tafukan hannuna suka yi ruwa. Cikin makon ne kuma wata motar albasa da kabeji, wanda muke ce wa shu, ta iso bayan ta gaji da jiran rakiya, rabin kayan ya narke. Mai motar na neman wanda zai raba shi da su, Tanti Rakiya ta aiko mini. Na yi sawu takwas. A hanya wani mahauci ya ƙara mini da ƙazantar tumbi bokiti uku, na gode masa.

Ina zaune tsakanin akwatuna biyar da tulin ruɓaɓɓiyar albasa sai dabara ta faɗo mini. Na ce a raina, me ke ruɓar da katako? Abinci da zafi da damshi. To in na cika akwati da abinci na rufe, na binne shi tsakiyar rami mai zafi, ai ta ciki za a ci shi, ta waje ma a ci shi, ba gatari ba ciwon hannu. Har na fara jin tausayin Baba Agali, shekaru yana faskare bai gano wannan ba. Na cika akwatunan dam, na buga musu ƙusa saboda karnuka. Kuma don kada masu garka su sace mini fasaha, sai na bari rana ta take, kowa ya tafi inuwa, sannan na riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya, ina duba hagu da dama, ina binnewa. Biyu a wannan rami, biyu a wancan, ɗaya a na uku, na mayar da buhuna na rufe, juyi kuwa na ɗaga masa ƙafa. Har yau ban san wanda ya gan ni ba, kuma ban riƙe shi a zuci ba. Ni ma da na hangi mutum a shekarar nan yana binne dogayen akwatuna a garkar mai rawani yana waige-waige, ba albasa zan kawo a raina ba, makamai zan kawo.

Ranar da Baba Agali ya dawo, yana dogara sanda, ya zauna a tabarma ƙarƙashin rumfa ya hura gawayi ya ɗora shayi. Ban gaya masa komai ba, ina jira akwatunan su narke in nuna masa abin mamaki. Shayin bai kai ga tafasa ba muka ji mota ta tsaya a bakin shinge. Soja bakwai suka diro, da wani sarjan gajere kakkaura mai maganar mutanen Maraɗi.

"Wane ne mai ramukan nan?" in ji sarjan.

Baba Agali ya ce, "Ni ne."

"Mi ke ciki?"

"Shara da garin katako, shi ke nan. Ba abin da ya shiga rami nan sai da sanina."

Ina tsaye gefe da bokiti a hannu. Sarjan ya zaro rodinmu, ya ji zafi, ya naɗe shi da buhu, ya soka a rami na farko. Ya shige har ƙasa lafiya lau. Ya matsa na biyu ya soka, sai muka ji ƙum. Ya ɗan gusa ya sake sokawa, ƙum. Baba Agali ya juyo ya dube ni sau ɗaya.

Suka ce ya sauke rawaninsa su ga fuska. Shekara bakwai muna tare ban taɓa ganin bakinsa ba, ko shayi ta ƙarƙashin rawani yake sha, a wajensu wannan mutunci ne babba. Ya sa hannu ya sauke. Ashe wani tsoho ne ƙwarai, ya fi yadda nake zato tsufa. Suka ɗaga shi suka zaunar a bayan mota, soja ɗaya ta nan ɗaya ta can.

Sarjan ya karɓi katin shaidata ya duba. "Buza? Lebura kake?"

"I, Shef."

"Tahi gida. Ba ruwanka da wanga batu."

Na tafi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙafafuna ne suka amsa kafin ni, na ajiye bokiti na nufi ƙofar shinge. Ina tafe ina tunanin matata da ƴaƴana biyu, da mutanen da aka ɗauka ba su dawo ba, ina ce wa kaina ai in sun buɗe za su ga albasa ce su sake shi. Amma na san a lokacin ba lallai ne a tsaya buɗewa kafin a wuce da mutum ba, kuma tsohon da ko sunkuyawa ba ya iya yi ba zai jure kwana uku a inda za su kai shi ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne shirun da ke bayana. Ya san wanda ya yi abin, kalma ɗaya ta ishe shi, kuma bai faɗe ta ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na juyo.

"Shef, ni na bizne su. Tsoho bai sani ba, yana gida kwance."

"Su? Guda nawa ne?"

"Biyar, Shef."

"Mi ke ciki?"

"Albasa ta, Shef. Da shu. Da ɗan kayan tumbi."

Wani soja ya ƙyalƙyale da dariya, sarjan ya dube shi ya haɗiye ta. "Albasa," in ji sarjan. "Cikin akwati, da ƙusa, ƙarƙashin ƙasa."

"Dabara ta, Shef."

Ya ce to in shiga in fito masa da dabarar. Na shiga da felu na tone, na jawo akwati guda zuwa bakin rami. Wani soja ya sa hannu zai taya ni, ya janye da sauri ya ce, "Shef, da zafi fa." Kafin in ɗago kai duk sun koma bayan mota, har da biyun da ke tsaron Baba Agali, ba abin da nake gani sai huluna da bakin bindiga. Daga can sarjan ya ce in buɗe. Na sa bakin felu ƙarƙashin murfi, na yi bisimilla, na danna.

Shekara bakwai ina cikin ruɓa, na zaci hancina ya gama ganin duniya. Ashe bai fara ba. Albasa da shu da kayan tumbi sun yi fiye da mako biyu a rufe, ba iska, cikin zafi, sun koma wani ruwa mai kauri, ba baƙi ba kore. Warin bai tashi sama ba, ƙasa-ƙasa ya bi ya je ya same su a bayan mota. Wani soja ya durƙusa ya mayar da karin kumallonsa. Jakin Malam Idi da ke ɗaure a garkar kusa ya tsinke igiya, sai da yamma aka samo shi wajen tasha. Katakon kuwa, don cin mutunci, ko laushi bai yi ba, yana nan garau yadda na binne shi. Baba Agali na zaune a kan mota shi kaɗai, ya sa hannu a hankali ya mayar da rawaninsa bisa hanci. Ba wanda ya ce ya sauke, ina jin ma da yana da na haya da ya yi ciniki.

Sarjan ya fito da hula a kan hanci, idanunsa na hawaye. Ya ce, "Guda ɗaya albasa ce. Sauran huɗu fa? Kuma wa ya ce biyar ne?" Ya ba da umarni a tone ramukan nan shida har ƙasa, ya aika aka aro felu daga garake. Sojoji suka naɗe hannun riga suka shiga, suna kwasa suna watsarwa ko'ina. Baba Agali ya daure, ya daure, ya kasa.

"Samari, kada ku watsa shi a rana, zai bushe. Ku zuba a rami na kusa. Na gefe shi koma tsakiya."

Na ce yau kam tsohon nan ya gama da mu. Amma sarjan ya tsaya ya dubi ramin, ya dubi tulin, ya ce, "Kun ji abin da tsoho ya ce." Ashe ɗan manoma ne. Tun yana tsaye yana kallo har ya koma nuna inda za a zuba, yana yi wa wani faɗa wai ya bar dunƙule bai fasa ba. Ni aka sa ni buɗe sauran akwatunan huɗu, can nesa inda iska ba ta biyowa ta kansu, sannan aka sa ni ɗebo ruwa ina yayyafawa. Kafin azahar an juye ramuka shida tas, aikin da ke cinye mini fiye da mako, kuma ban taɓa ganin juyi mai kyau irinsa ba.

Rami na ƙarshe nunanne ne. Sarjan ya ɗebi taki cikin hannu, ya murza, ya kai hanci ya shinshina. Can ya ce, "Da babana zai samu irin wanga a gonarmu." Ya je da kansa ya kama Baba Agali ya sauko da shi daga mota, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, aiki ne."

"Ba komai," in ji Baba Agali. "Amma bayan kwana goma zai so wani juyi, in kuna da hali."

Sai a lokacin sarjan ya yi dariya. Baba Agali ya sa na cika masa buhu ɗaya don tumatirin da ya ce yana shukawa a bayan ɗakinsa. Zai shiga mota ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kai kuma, in ka sake yin dabara a garin nan, ni da kaina zan zo."

Da suka tafi, Baba Agali ya koma tabarmarsa, ya zubar da shayin da ya ƙone, ya sake hura gawayi ya ɗora sabo. Na tsuguna can gefe ina jiran zagi, na ma fi son ya zage ni. Da shayin ya nuna ya zuba. Ya miƙo mini kofin farko.

"Taku nawa ka yi kafin ka juyo?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Ni na ƙirga, ba ni da wani aiki a kan mota. Sha ɗaya."

Na sunkuyar da kai na fara cewa, "Baba, wallahi ni..."

"Sha shayinka," in ji shi. "Ranar da aka zo ɗaukar maƙwabcina, ni ma ina tsaye a wurin, kuma na san ba abin da ya yi. Na ce bari in ɗan taka. Sai a Gugaram, can cikin daji mai nisa, na waiwaya." Na tuna wani mako a farkon shekarar da ya ce mini ya tafi duba ƴar'uwarsa a daji. Ya ɗaga rawani kaɗan ya kurɓi shayi, sannan ya ce, "Maƙwabcin nan har yau bai dawo ba."

Muka sha kofi na biyu da na uku. Da ya gama ya ɗauraye kofuna, ya nuna akwatunan da haɓa, suna can jere a rana ƙudaje sun rufe su.

"Gatari yana inda ka bar shi."

Kwana biyar na yi ina faskare, akwati ɗaya kowace rana, shi yana zaune yana gwada kowane guntu da ɗan yatsansa. Duk kwana biyar ɗin nan a bakin ƙofa matata ke ajiye mini tuwo saboda warin da nake yi, ta koma ciki ta rufe.